Hazon ruwa a zauren wasa: amsa ga Alhajin da ɗan kwangila ya kawo wa tayi

Alhaji, na karanta tambayarka. Ka ce kwamitinku na gina zauren wasan kwaikwayo da kiɗe-kiɗe mai cin mutum kusan dubu, silin ɗinsa mita 14 daga ƙasa, kuma ɗan kwangila ya kawo muku tayin tsarin kashe gobara mai fesa hazon ruwa a maimakon sifirinkila da aka saba, wato kawunan da ake jerawa a silin su zubo ruwa in wuta ta tashi. Ya ce ba ya jiƙa kaya, ruwa kaɗan yake sha, kuma shi ake sawa a manyan zaurukan Turai. Kana so ka san ko gaskiya ce ko zaƙin bakin mai talla.

Bai yi maka ƙarya gaba ɗaya ba, amma ya ɓoye rabin zancen. Sifirinkila abu ne da injiniya zai buɗe littafin ƙa'ida, ya duba irin ginin, ya lissafa ruwa da bututu, ya ɗauko kan feshi na kowane kamfani da aka amince da shi ya ɗaura. Hazon ruwa ba haka yake ba. Kowane kan feshi na hazo sai an kunna wuta ta gaske a ƙarƙashinsa, a ɗaki mai wani tsayi, da wasu irin kaya, an ga ya shawo kanta, sannan a ba shi takardar amincewa, kuma takardar ba ta wuce wannan tsayin da waɗannan kayan. Don haka abin da za ku saya a zahiri shi ne gwajin. In babu gwajin da ya yi kama da zaurenku, bututu masu ƙyalli kawai za ku biya.

Bari in fara da dalilin da ya sa hazon ke aiki, don daga nan za ka ga inda yake gazawa. Duk wadda ta taɓa girki a murhu ta san cewa tafasar ruwa ba ta cin itace kamar ƙafewarsa. Lissafi ma haka ya nuna. Ɗumama lita ɗaya daga digiri 20 zuwa tafasa na shanye zafi kimanin kilojul 335 (ma'aunin yawan zafi ke nan), amma mayar da wannan litar tururi na shanye kilojul 2,257, kusan ninki bakwai ke nan. Ruwan da ya faɗo ƙasa ya malale bai yi ko kusa da aikin da zai iya ba. Wanda ya zama tururi a cikin harshen wuta shi ne ya ci kuɗinsa. To, ɗigo yana ƙafewa ne ta fatar jikinsa. In ka farfasa lita ɗaya zuwa ɗigo mai kaurin milimita ɗaya, jimillar fatar ta kai murabba'in mita 6. In ka mayar da kaurin kashi ɗaya cikin goma na milimita, ta zama murabba'in mita 60. Ruwan bai ƙaru ba, amma bakin da yake shan zafi da shi ya ninka goma. Sannan lita ɗaya in ta zama tururi tana cika wurin lita kusan 1,700, sai ta ture iskar da wuta ke numfashi da ita a daidai gindinta. Akwai na uku da mutane ba su cika lura da shi ba: hazon na tare hucin wuta. Ka tuna yadda rana ke zama kamar faifai a tsakiyar hunturu har ka iya kallonta da ido. Haka kujerar da ke kusa da wadda ta kama take samun inuwa daga zafin.

Ƙa'idar Amurka mai suna NFPA 750, wadda ta fara fitowa a 1996, ta ce ba a kiran feshi hazo sai kashi 99 cikin 100 na ruwansa ya fito a ɗigon da bai kai milimita ɗaya ba. Turai na da tata, EN 14972. Akwai mai ƙaramin matsi, ƙasa da bar 12, akwai kuma mai babban matsi wanda ya haura bar 34.5, kuma mafi yawan masu babban matsin na kasuwa suna aiki ne tsakanin bar 100 da 140. Tayar motarka bar 2 da ɗoriya take ɗauka, ka kwatanta.

A teku wannan fasaha ta girma. A 1990 jirgin ruwan fasinja mai suna Scandinavian Star ya kama da wuta, mutum 159 suka rasu, aka tsaurara dokar sa sifirinkila a jiragen fasinja. Jirgi kuwa ba ya son nauyin manyan bututu, ba ya kuma son ruwa ya taru a cikinsa. A daidai lokacin yarjejeniyar Montreal ta 1987 tana kawar da iskar halon da ake kashe wutar ɗakin inji da ita. Kamfanin Marioff na ƙasar Finland ya fito da HI-FOG a farkon shekarun 1990, wasu suka biyo baya. Ka lura da wuraren da aka raine shi: ɗakin kwanan jirgi da ɗakin inji. Rufaffun wurare ne, inda tururi ba shi da hanyar gudu.

Zauren wasa kishiyar wannan ne. Wuta in ta kama kujera, zafi da hayaƙi na tashi sama kamar guguwa, kuma ɗigon hazo ba shi da nauyin da zai ratsa ta ya sauko. Daga mita 14, wani ya ƙafe a hanya, wani iska ta kwashe shi gefe. Ɗigon sifirinkila mai ƙiba ne, kamar ruwan Agusta, yana faɗowa ya jiƙa kujerun da ke kewaye kafin wutar ta iso su. Akwai ma wani abin da ke ba sababbin shiga aikinmu mamaki: hazo ya fi saurin kashe babbar wuta a ƙaramin ɗaki fiye da ƙaramar wuta a babban ɗaki. Babbar wutar ita da kanta take dafa hazon ya zama tururin da zai shaƙe ta. Ƙaramar kuwa, a fili mai yalwar iska, tana iya lafewa a ƙarƙashin kujera ta ci gaba da cin soso, hazo na yawo a samanta. Kuma ko kan feshin nan mai ƙwan gilashi, wanda ke fashewa a digiri 68 ko 57, in yana can ƙololuwa, kafin zafi ya kai masa wutar ta riga ta yi ƙarfi.

Zancensa na cewa ana sawa a Turai gaskiya ne, amma ka dubi yadda aka sa. Zauren Elbphilharmonie na birnin Hamburg a Jamus, wanda aka buɗe a Janairun 2017, babban ɗakinsa na da kujera 2,100, bangonsa da silin an lulluɓe su da faranti kusan 10,000 da aka sassaƙa ɗaya bayan ɗaya don sauti, ga babban abin kiɗan nan na ogan, mai busawa da iska ta bututu 4,765. Ba wanda zai so a zuba wa wannan tankokin ruwa, kuma silin ɗin ya yi nisa. Abin da kamfanin FOGTEC na birnin Kolon ya yi shi ne ya juya lamarin: ya dasa kawunan feshi a cikin daɓe, tsakanin layukan kujeru, suna fesawa sama, a yanki-yanki, bayan an yi gwajin wuta na gaske a kan wannan tsarin. Wato sun kai ruwan inda wutar take ne, ba su jira ya sauko mata ba. In ɗan kwangilarku ya ambaci Turai amma zanensa kawuna ne jere a silin, to sunan ya aro, ba dabarar ba.

Sai dandamali, wanda shi ne ya fi ba ni tsoro a kowane gidan wasa. Ba ka faɗa mini ko naku na da hasumiyar nan ta saman dandamali ba, inda ake janye labulaye da zanen bango sama a ɓoye su. In akwai ta, to ka ɗauka kun gina bututun hayaƙi mai tsawon mita 20 ko fiye, kun rataye masa yadi da katako da fitilu masu zafi. Dokokin gidan wasa kusan duka da gawa aka rubuta su a kan wannan wurin. A gidan wasan Ringtheater na birnin Biyana a Ostiriya, ranar 8 ga Disamba 1881, wajen kunna fitilun gas na dandamali wuta ta tashi, aƙalla mutum 384 suka mutu. A gidan wasan Iroquois na Chicago, ranar 30 ga Disamba 1903, fitila ce ta lasa labule. Aka saki labulen tare wuta, ya maƙale bai kai ƙasa ba. Tagogin hayaƙin da ke saman dandamali a rufe suke ba a gama aikinsu ba. 'Yan wasa suka buɗe ƙofar baya don su tsira, iska ta shigo ta hura wutar ta ƙarƙashin labulen zuwa kan 'yan kallo. Mutum 602, yawancinsu mata da yara. Daga irin waɗannan aka tsayar da abu uku: labulen da wuta ba ta ci wanda ke raba dandamali da 'yan kallo, tagogin hayaƙi a rufin dandamali (dokar Amurka ta ce kada su gaza kashi 5 cikin 100 na faɗin dandamalin), da kuma tsarin ambaliya, wanda kawunansa a buɗe suke, in an saki bawul duka su zubo lokaci ɗaya.

Ga inda hazo ke shiga tsaka mai wuya. Tagogin nan an yi su ne don su zuƙe hayaƙi sama, kuma abin da ya zuƙi hayaƙi zai zuƙi hazo. Labulaye goma ko ashirin da ke rataye kusa da juna kuwa, wuta na hawa tsakaninsu a ɓoye, kuma abin da ke hana ta shi ne ruwan da zai jiƙa yadin sharkaf ya gangaro. Ana yin dandamali da hazo, ta hanyar jera kawuna hawa-hawa a jikin bango da kan gadojin fitilu, amma sai da gwaji na musamman. Ni dai in aka ba ni zane mai hasumiya ba tare da wannan gwajin ba, ambaliya nake sawa, in kwana da hankalina. Labulen da ya jiƙe ana shanya shi. In kuma dandamalinku fili ne kawai da aka ɗaga, silin ɗaya da zauren, to matsalarsa ta koma irin ta kujeru.

Kada ka ɗauka ina kushe shi. Akwai wuraren da nake fifita shi a kan komai: ƙarƙashin dandamali inda injuna da wayoyi suke, ɗakin sarrafa sauti da fitilu, ma'ajiyar kayan kiɗa da tufafin wasa, ɗakunan shiri, ɗakin janareto, da sararin da ke tsakanin silin da rufi in an yi shi da katako. Duk rufaffu ne, silin a kusa. Fiyano in ya sha ruwan tiyo ya tashi daga aiki, amma raɓa a kan murfinsa gogewa ake yi. A tsohon gini kuma bututunsa sirara ne, daga kaurin yatsa zuwa na sandar rake, ana lanƙwasa su a bi lungu ba tare da an fasa ado ba. Shi ya sa masu gyaran gine-ginen tarihi suke sonsa. Ba laifi ba ne gini ɗaya ya haɗa biyun, hazo a ɗakuna, ambaliya a dandamali.

Zancen ruwa kaɗan ma akwai ƙamshin gaskiya. Ƙa'idar sifirinkila ta Turai, EN 12845, ta sa gidajen wasa da zaurukan kiɗa a ajin da ake lissafa lita 5 a minti a kan kowane murabba'in mita, a faɗin murabba'in mita 360, na tsawon awa ɗaya. Lita 1,800 ke nan a minti, 108,000 a awa, fiye da tankar mai uku masu cin lita 33,000. Wurin ajiye wannan ruwan kuɗi ne. Hazo na rage shi sosai. Amma ragin ruwa na kashi 90 cikin 100 ɗin nan da ake rubutawa a takardar talla kada ka gina tanki a kansa. Adadin da ke cikin rahoton gwaji shi ne naka. Shi kuma "ba ya jiƙa kaya" ka ajiye shi gefe. Ka tsaya a cikinsa minti biyu, rigarka za ta manne da jikinka. Kuma a tambayar taka na hango tsoron da fina-finai suka saka wa mutane, cewa wani ya kunna ashana duk ginin ya ɓarke da ruwa. Sifirinkila na gaske, kan da zafi ya kai shi kaɗai ke fashewa.

Yanzu ga abin da na fi so kwamitinku ya tauna, domin a nan na ga tsarin na mutuwa tun ba a yi gobara ba. An taɓa kirana duba wani otal da aka sa wa hazo mai babban matsi shekara uku kafin zuwana. Na sa aka kwance kan feshi ɗaya, na ɗora shi a tafin hannu. Bai fi babban yatsa ba. Ramukansa sai ka kanne ido kake ganinsu, kamar an huda da allura. Na ɗaga shi sama na duba ta hasken taga, haske bai ratso ba. Na zaro 'yar rariyar da ke gindinsa, ta yi jawur, na murza ta a farar takarda sai ga garin tsatsa da wani farin ɓawo irin wanda ke kama gindin butar shayi. Da muka bi layin, sai muka tarar a wani lungu an ƙarasa aikin da bututun ƙarfe na famfon gida saboda na ainihin, mara tsatsa, ya ƙare. Tankin kuma kai tsaye daga rijiyar burtsatse ake cika shi, matatar ruwan an cire ta don tana yawan toshewa. A bangon ɗakin famfo kuwa fitila kore na ci, alamar komai lafiya. Manajan ya ce mini ai ba su taɓa samun matsala da shi ba. Na ce masa ai ba ku taɓa buƙatarsa ba. Ramin kan sifirinkila ya kai santimita ɗaya ko fiye, zai haɗiye dattin da zai kashe kan hazo.

Sai wuta. Tura lita 100 a minti a matsin bar 140 na buƙatar fiye da kilowat 23, kuma zaure irin naku famfo da yawa zai ɗauka a jere. Gobara kuwa, abu na farko da mutane ke yi shi ne kashe wutar ginin gaba ɗaya, in ma ba ita ta fara kashe kanta ba. Dole famfon ya sami layinsa daban, da waya mai jure zafi, da janareton da ke tashi da kansa, ko injin dizal nasa. Akwai nau'in da ke aiki da tukwanen iskar nitirojin ba ruwansa da lantarki, ya dace da ƙananan ɗakuna, sai dai in ya fesa sau ɗaya ka tambayi kanka a ina za a sake cika tukwanen, kuma kwana nawa ginin zai zauna tsirara.

Tsarin da kawunansa a buɗe suke, kamar na Hamburg, na'urar gano wuta ce ke sakinsa, kuma gidan wasa wuri ne da ake tayar da hayaƙi da gangan. Sau biyu ƙararrawa ta katse wasa, za ka ga mai kula da dandamali ya kashe ta kafin a fara, ya manta bai kunna ba bayan an tashi. Ƙurar hunturu ma tana tayar da na'urar hayaƙi. Maganinsa a zane yake: na'urar da ke ganin harshen wuta ko zafi a dandamali, sharaɗin sai na'ura biyu sun yarda kafin a saki ruwa, da hannun sakin bawul a inda mai kula da dandamali ke tsayawa. A kuma gwada hazon tare da masu zuƙar hayaƙi, domin yana sanyaya hayaƙin da ke sama ya janyo shi ƙasa, ganin hanya ya ragu a lokacin da mutane ke neman ƙofa.

Ka lura da wani abu game da manyan gidajen wasan da suka ƙone a zamaninmu. Liceu na birnin Basalona a Sifen ya ƙone ranar 31 ga Janairu 1994, tartsatsin walda ne ya kama labule, kuma abin da ake gyarawa shi ne labulen ƙarfe na tare wuta. La Fenice na birnin Benis a Italiya ya ƙone ranar 29 ga Janairu 1996 yana rufe ana gyara. Kotu ta ɗaure masu aikin lantarki biyu da laifin cinna wutar, kuma 'yan kwana-kwana sun sha wuya saboda an janye ruwan magudanan da ke kusa ana yashe su. Ba a sake buɗe shi ba sai ƙarshen 2003. Duka biyun babu ɗan kallo ko ɗaya a ciki. Lokacin gyara ne ake rufe bawul a kashe ƙararrawa. Ku rubuta tun yanzu wa ke da ikon rufewa, kuma wa zai tsaya gadi har a buɗe.

Abin da za ku nema a hannun ɗan kwangilar ba shi da yawa. Ya kawo cikakken rahoton gwajin wuta, ba takardar talla ba, daga hukumar da aka sani kamar FM ta Amurka ko VdS ta Jamus. Ku buɗe shafin da aka rubuta iyakar tsayin silin. In an rubuta mita 5 ku kuma kuna da 14, magana ta ƙare, komai daɗin bayaninsa. Ya kawo littafin zane da girkawa da kulawa na kamfanin da ya ƙera, domin a hazo wannan littafin shi ne doka, kuma ba a haɗa kan wannan kamfani da famfon wancan. Ya nuna shaidar cewa kamfanin ya horar da masu ɗaurawar, ya faɗi inda kayan gyara suke da wanda zai riƙa zuwa dubawa. A kai ruwanku ɗakin gwaji kafin a zaɓi matata. Ranar miƙa aiki kuma a saki yanki ɗaya a gabanku, da wutar gari a kashe.

Ka tambaye ni ruwa ne, amma ba zan rufe ba tare da taɓa soso da ƙofa ba. A Kano, ranar 13 ga Mayu 1951, silimar El Duniya ta kama da wuta, mutum 331 suka rasu cikin kusan 600 da ke ciki. A gidan rawa na The Station da ke jihar Rhode Island ta Amurka, a Fabrairun 2003, tartsatsin wasan wuta ya kama soson da aka manna a bango don tare sauti, cikin minti ɗaya da rabi numfashi ya gagara, mutum 100 suka mutu. Binciken NIST, hukumar ƙa'idoji da fasaha ta gwamnatin Amurka, ya nuna da akwai sifirinkila na gama-gari da ya danne wutar. Soson katifa da ake mannawa a bangon ɗakunan taro don sauti shi ne wannan, kuma hayaƙinsa guba ne. In shi ke cikin lissafin kayanku, ku cire shi ku sa audugar dutse, wadda ake yi da narkakken dutse kuma wuta ba ta cinta, kafin ku ƙara ko kwabo a kan feshi. Ƙofofi su buɗe waje, da sandar turawa, ba kwaɗo ba sarƙa.

Ka turo mini zanen da ke nuna ginin a tsaye, in ga tsayin silin a kan kujeru da kan dandamali, tare da rahoton gwajin in ya kawo. Kafin nan, Alhaji, kada ku ba da kafin alƙalami.